Karatun Ingila a Ƙasar Larabawa: Abin da Na Gani a Makarantun Dubai

Idan Bahaushe ya ce za shi Dubai, ba a tambayarsa abin da zai je yi. Kowa ya san Deira ya nufa: kasuwar gwal, layukan Naif, shagunan waya da turare da abaya, sai ofishin masu kago da za su auna kaya su turo Kano ko Yamai. Wannan Dubai ɗin ce a bakin mutane. Amma da yake a gidan ƙanina na sauka, wanda aiki ya zaunar da shi can da iyalinsa, sai na ci karo da wata Dubai wadda ɗan kasuwa mai kwana a otal ba kasafai yake ganinta ba, wato ta 'yan makaranta. Na daɗe ina koyarwa kafin in ajiye alli, kuma tsohon malami duk inda ya je idonsa na kan yara masu jaka a baya.

Gari bai gama wayewa ba unguwa take cika da motocin bas masu ruwan ɗorawa. Kowace ta zo ƙofar bene sai ta tsaya, wani jan allo ya buɗe daga gefenta, duk motar da ke biye da ita ta taka birki ta jira. Ba mai danna oda, ba mai ratsewa ta gefe, ko da motarsa ta fi gidan wani tsada. Na tambayi ƙanina ko ladabi ne ya yi wa direbobin garin yawa haka. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, tara ce. Duk wanda ya wuce wannan allon dirhami 1,000 zai biya, a kuma ɗiga masa baƙin maki 10 a lasisinsa." A kowace mota akwai mace mai kula da yara. Ita ke saukowa ta karɓi ƙaramin yaro daga hannun uwarsa, ta zaunar da shi, ta ɗaura masa bel, sannan direba ya ja. 'Yar ƙanina ta shiga da siket mai zanen gida-gida irin na makarantun Ingila, da ɗan farin hijabinta, ta ɗago min hannu ta taga.

Dalilin yawan makarantun kuɗi a Dubai a fili yake. Kusan tara cikin goma na mazauna birnin baƙi ne: Indiyawa, 'yan Fakistan, 'yan Filifin, Misirawa, 'yan Labanon, Turawa da 'yan Afirka. Makarantun gwamnati kuwa tun asali domin 'yan ƙasa aka gina su, kuma Larabci ne harshen koyarwarsu. Baƙon da ya zo aiki da iyalinsa dole ya nemi inda ɗansa zai yi karatun da zai iya ɗorawa a kai ranar da kwangila ta ƙare, ko gida aka koma ko wata ƙasar aka nufa. Shi ya sa makarantun kuɗi a birnin suka haura 200, da ɗalibai fiye da 300,000 daga ƙasashe sama da 180, suna bin manhajoji 17 daban-daban. Manhajar Birtaniya ce a kan gaba, da sama da kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban, ta Indiya na biye da ita. Har 'yan ƙasar da karatun gwamnati yake kyauta a gare su, fiye da rabin 'ya'yansu a Dubai makarantun kuɗi suke zuwa.

Abin yana da tushe. Kafin a kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ranar 2 ga Disamba 1971, masarautun wannan gaɓar teku suna ƙarƙashin kariyar Birtaniya ne. Karatun mutanen garin a can da yana hannun malaman Alƙur'ani da 'yan makarantun da attajiran lu'ulu'u suka gina. Mafi shahararsu ita ce Al-Ahmadiyya, wadda aka kafa a 1912 a unguwar Al-Ras, ba nisa da kasuwar gwal ɗin da mutanenmu ke zarya. Yanzu gidan tarihi ce, kuma 'yan kasuwarmu da yawa suna wucewa kusa da ita ba su san tana nan ba. Makarantar Turawa ta farko, Dubai English Speaking School, a 1963 aka buɗe ta da 'yan tsirarun yara, shekara uku kafin a gano man fetur a Dubai a 1966. Sarkin garin na wancan zamani, Sheikh Rashid bin Sa'id Al-Maktum, shi ya ba ta filin da ta yi gini. Jumeirah English Speaking School ta biyo baya a 1975, sai Dubai College a 1978. Dukansu ukun ba domin riba aka kafa su ba, kuma har yau iyaye layi suke bi kafin su samar wa yaro gurbi a cikinsu.

Kasuwancin ilimi kuwa wasu mata da miji daga jihar Kerala ta Indiya ne suka share masa fage. Iyalin Varkey sun zo Dubai a 1959 suna koya wa mutane Turanci, suka buɗe makarantarsu a 1968. Ɗansu Sunny Varkey ya karɓi ragama a 1980, ya faɗaɗa ta har ta zama kamfanin GEMS, wanda yau yake cikin manyan masu makarantun kuɗi a duniya, da makarantu masu bin manhajar Birtaniya da ta Indiya da ta Amurka. Gidauniyarsa ce ke ba da kyautar dala miliyan 1 ga gwarzon malamin duniya, wadda Peter Tabichi, malamin wata makarantar ƙauye a Kenya, ya lashe a 2019. Daga baya tsofaffin makarantun Ingila da kansu suka fara buɗe rassa. Repton, wadda aka kafa a Ingila tun 1557, ta buɗe reshenta na Dubai a 2007. Brighton College ta fara da Abu Dabi a 2011, ta iso Dubai a 2018.

Tsarin karatun ba baƙo ba ne ga dattawanmu. Yaro yana shiga ajin share fage yana ɗan shekara 3 ko 4, ya fara aji 1 yana ɗan shekara 5, daga nan a yi ta ƙirgawa a miƙe har aji 13. Aji 1 zuwa 6 firamare ke nan. A ƙarshen aji 11, yana ɗan shekara 16, sai ya zauna jarrabawar GCSE ko ƙanwarta ta ƙasashen waje, IGCSE, wadda hukumar jarrabawar Kambirij ta fara gudanarwa a 1988. Shekara biyun ƙarshe kuwa darasi uku kawai yawanci yake riƙewa, ya nutsa cikinsu, ya zauna A-Level, da ita jami'a za ta ɗauke shi. Duk wanda ya yi fom 5 ya zarce HSC kafin zuwan tsarin 6-3-3-4 a Najeriya zai gane hanyar, domin ita muka gada muka bari. Ana rubuta jarrabawa a watan Mayu da Yuni, hukumomin jarrabawa na Ingila su yi makin, sakamako ya fito a Agusta. Shugaban makaranta ba ya da hannu a ciki, mai makaranta ba ya da, uban yaro komai kuɗinsa ba ya da. Wannan ne ya sa takardar take da daraja a jami'o'in Landan da Toronto da Kuala Lumpur.

Na raka ƙanina da matarsa ranar da makarantar 'yarsu ta buɗe ƙofa ga iyaye. A bakin get aka karɓi katin shaidata, aka rataya min katin baƙo a wuya, aka kuma gaya min kada in ɗauki hoton ɗan kowa. Filin wasa duk an yi masa rumfa, domin zafin garin yana haura digiri 40 a bazara. Ajin 'yan shekara biyar muka fara leƙawa. Yara suna zaune a kan darduma, malama Baturiya ta durƙusa daidai tsayinsu, mataimakiyarta 'yar Filifin tana gefe da wasu 'yan kaɗan da ke buƙatar a bi da su a hankali. Ba sunan harafi take koya musu ba tukuna, sautinsa take sa su furta, su haɗa sauti da sauti har kalma ta fito, kamar yadda ake bi da almajiri daga babbaƙu zuwa farfaru. Wani yaro ya haɗa kalma ya kuskure. Ba ta ce masa a'a ba, ta ce ya sake sauraron sautin tsakiya. Ya sake, ya dace, ya juya yana kallon abokansa yana washe baki. Bulala babu ita ko a bayan ƙofa, doka ta hana duka. Abin da yaro ke tsoro shi ne ya jawo wa gidansa asarar maki, domin an raba ɗalibai gida-gida kamar yadda aka yi mana a makarantun kwana.

A ɗakin gwaje-gwaje na fi daɗewa. 'Yan aji 10 ne, biyu-biyu a kowane tebur, kowa da tabarau na kariya da farar riga. Wata yarinya Basudaniya tana sakin ruwan sinadari ɗigo-ɗigo daga doguwar kwalbar awo, abokiyar aikinta 'yar Indiya tana juya kwalbar da ke ƙasa, dukansu sun ƙura ido suna jiran ɗigon da zai sauya launin ruwan. Da ya sauya suka rubuta adadi, suka zubar, suka wanke, suka sake daga farko, domin malaminsu ba ya karɓar awo ɗaya. Na tsaya ina tuna shekarun da na yi ina zana wannan kwalbar a allo da alli, ina gaya wa yara launin da za su gani da a ce akwai sinadarin. A wani ajin kuma na ga yaro mai lalurar galahanga zaune cikin 'yan'uwansa, da mai taimaka masa a gefe. Tsarin da Dubai ta fitar a 2017 ya hana makaranta ƙin karɓar yaro saboda nakasa kawai.

Duk wannan, mai kuɗi zai iya saye ya kafa a ko'ina. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sharaɗin da masu gari suka gindaya wa baƙin makarantun. Makaranta ko sunan wane sarkin Ingila ta ɗauka, da safe tutar Daular ce a sama, taken ƙasar ake rerawa. Larabci dole ne a kan kowane yaro har zuwa aji 10 aƙalla, Balarabe da ajinsa, wanda ba Balarabe ba da nasa. Darasin addinin Musulunci dole ne a kan kowane ɗalibi Musulmi: Alƙur'ani da tajwidi, hadisi, sira da fiƙihu, Larabawa da Larabci, sauran da Turanci. A 2017 aka ƙara darasin tarbiyya ga kowa da kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ga kuma darasin tarihi da zamantakewar ƙasar. Akwai ɗakin salla a makaranta. Ranar Juma'a ana tashi da wuri domin a samu masallaci, tun da ƙasar ta koma aikin Litinin zuwa Juma'a a Janairun 2022. Da azumi ana rage lokacin karatu ya dawo kimanin awa biyar. Mu da muka taso yaro yana cin boko da safe, Islamiyya da yamma, allo da daddare, har ya rasa lokacin wasa, mun san darajar a haɗa masa su a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Da yamma na ce wa 'yar ƙanina ta kawo min littafin addininta. Ta buɗe, ta karanta min surar da suke kai, da gunna da madda a inda suka dace. Na ce to ta fassara min abin da mai gadi Balarabe ya gaya mata da safe. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, ni fa na karatu na iya, na magana bai zauna ba." Gaskiya ta faɗa, kuma ba ita kaɗai ba ce. Larabci shi ne darasin da makarantun manhajar Birtaniya suka fi rauni a kansa, domin da Turanci ake wasa, da shi ake sayayya a kanti, da shi ake faɗa a cikin bas. Hukumar ilimin garin ba ta ɓoye wannan ba. A rahotanninta ake ganinsa, kuma daga Satumbar 2025 ta fara wajabta Larabci tun daga kan yara 'yan shekara 4 zuwa 6.

Wannan hukuma ita ce ƙashin bayan al'amarin. Sunanta KHDA, an kafa ta a 2006 domin kula da ilimi mai zaman kansa a Dubai, kuma a 2008 sufetocinta suka fara shiga makarantu. Sukan yi kwanaki a makaranta ɗaya. Su zauna a bayan aji su ga yadda ake koyarwa, su buɗe littattafan yara, su ji ta bakin iyaye da ɗalibai, su duba motoci da ɗakin shan magani. Daga nan a ba makaranta ɗaya daga cikin matakai shida: fitacciya, mai kyau ƙwarai, mai kyau, ba yabo ba fallasa, mai rauni, mai rauni ƙwarai. Sai a ɗora rahoton gaba ɗaya a intanet, da Larabci da Turanci, kowa ya karanta. A zagayen shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 an duba makarantu 209, guda 23 ne kacal suka samu matakin fitacciya, kuma mafi yawansu masu manhajar Birtaniya ne. A zagayen farko kimanin kashi 30 cikin 100 na ɗalibai ne ke makarantun da suka kai matakin mai kyau ko sama. A zagayen 2023 zuwa 2024 kuwa sun haura kashi 80.

Matar ƙanina ta buɗe min rahoton makarantar 'yarta a waya. Lissafi da matakinsa, kimiyya da nata, Turanci, Larabci, addini, kowanne an raba shi tsakanin ƙananan azuzuwa da manya. Ga shafin tsaron lafiyar yara, ga na shugabanci, ga jerin gyare-gyaren da aka ce a yi kafin a dawo. Ta nuna min inda aka rubuta cewa malaman Larabci ba sa ba yara isasshiyar damar yin magana a aji. Ta ce, "Yaya, kafin mu biya ko sisi sai da na karanta na makarantu da dama. Akwai wadda gininta ya ruɗe ni, da na ga rahotonta ban sake bi ta kanta ba." Akwai kuma yarjejeniyar da iyaye da makaranta ke sa wa hannu a ƙarƙashin idon hukumar, da kuɗin makaranta a rubuce ciki, don kada a wayi gari tsakiyar zango a ce an ƙara. Ƙarin kuɗi ma sai da izini. Hukumar ce ke fitar da iyakar abin da za a iya ƙarawa a shekara, kuma ta yi shekaru tana ɗaure shi da sakamakon dubawa: a wancan tsarin, makarantar da matakinta ya faɗi ba ta da bakin neman ƙari. Shekarun karatu uku a jere, daga 2020 zuwa 2023, ba a yarda an ƙara ko dirhami ɗaya ba.

Ba a rasa abin da zai sa mutum ya yi shiru. Iya kuɗinka iya shagalinka. Akwai makarantun manhajar Birtaniya da ke karɓar ƙasa da dirhami 20,000 a shekara, akwai waɗanda manyan azuzuwansu suka haura 100,000, wato sama da dala 27,000, ban da kuɗin mota da yunifom da na jarrabawa. Direban tasin da ya ɗauko ni daga filin jirgi 'ya'yansa suna Fakistan, sai ta waya yake ganinsu, haka leburorin da suka gina waɗannan makarantu. Malamai da yawa matasa ne daga Ingila da Ailan, albashin da ba a cire masa haraji ya jawo su, su yi 'yan shekaru su ƙara gaba, yaro ya shaƙu da malama a wayi gari ta tafi. A gidan ƙanina kuma wani yaƙin ake yi. Hausar yaran ta fara karyewa, har uwarsu ta kafa doka cewa wanda ya nemi abinci da Turanci sai ya maimaita kafin a zuba masa. Haddar Alƙur'ani ma ba su dogara da ta makaranta kaɗai ba, akwai malamin da ke yi musu ƙari ta waya daga gida a ƙarshen mako.

Duk da haka na bar garin ina jinjina musu. Sun aro manhajar wasu, sun ɗauko malaman wasu, sun bar 'yan kasuwa su zuba jari su ci riba, amma ba su saki ma'auni daga hannunsu ba. Su ke faɗin abin da dole a koya wa yaro a ƙasarsu, su ke auna ko an koya, su ke gaya wa iyaye abin da suka tarar. A Kano da Kaduna da Abuja ma allunan makarantu masu iƙirarin manhajar Birtaniya sun cika titi, iyaye suna matse bakin aljihu suna biya. Wasu makarantun suna yin abin da suka faɗa, wasu sunan ne kawai, kuma uba ba shi da inda zai duba ya bambance, sai ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, lokacin an riga an ci shekara shida. Wurin ninƙaya da azuzuwa masu na'urar sanyaya ɗaki suna buƙatar arzikin Dubai. Amma a tura sufeto mai gaskiya ya zauna a bayan aji, ya rubuta abin da ya gani, a liƙa rahoton inda kowane uba zai karanta, a kuma hana makarantar da ta gaza ƙarin kuɗi, wannan ba ya fi ƙarfin kowace ma'aikatar ilimi ta jiha da ta yi niyya.